Taiwan: ba a sayen farin jini da jakar kuɗi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masana harkokin waje da masu ba shugabanni shawara: wai ƙasar da duniya ba ta gama amincewa da ita ba tana iya gyara sunanta da abin da suke kira tattausan ƙarfi. Maganar ba ƙarya ba ce. Abin da ke ƙarya shi ne yadda ake cusa kowane irin ciniki a ƙarƙashinta, har ta kai ambulan da aka miƙa wa shugaba da dare, da bashin da aka ɗora wa talaka da rana, duk an raɗa musu suna tattausan ƙarfi. Malamin nan na jami'ar Habad ta Amurka, marigayi Joseph Nye, wanda ya fito da kalmar a 1990, ya raba hanyoyin samun biyan buƙata gida uku: ka tsorata mutum, ko ka biya shi, ko ka sa shi da kansa ya so abin da kake so. Na ukun kaɗai ya kira tattausan ƙarfi. Biyan kuɗi kuwa ya ajiye shi gefe guda da bulala. Da Hausa sunansa farin jini, kuma kowane ɗan kasuwa ya san farin jini daban, la'ada daban.

Babu ƙasar da ta gwada hanyoyin nan biyu kamar Taiwan, tsibiri mai mutane kusan miliyon 23, mai gwamnatinsa da sojansa da kuɗinsa da faspo ɗinsa, amma wanda ba ya da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya tun ranar 25 ga Oktoba 1971, da ƙuduri mai lamba 2758 ya miƙa kujerar Sin ga gwamnatin Bejin. Babu kuma wanda ya fi ɗan Nijar cancantar yi wa wannan gwaji hukunci, domin da tutarmu aka yi shi.

Cinikin 1992

Ma'aikacin da ya yi aiki a zamanin riƙon ƙwarya bai manta ba. Taron ƙasa ya watse a ƙarshen 1991, baitulmali fayau, farashin uraniyom ya faɗi, albashi ya zama sai an gani. A watan Fabrairu 1992 sojoji suka yi bore a Yamai saboda rashin biya. A cikin wannan hali ne gwamnatin faraminista Amadou Cheiffou ta bayyana, ranar 19 ga Yuni 1992, cewa Nijar ta amince da gwamnatin Taipe. An kwashe makonni ana ja-in-ja tsakanin hukumomin riƙon ƙwarya, yau a ce an fasa, gobe a ce ba a fasa ba, har Bejin ta tattara nata ya nata a ƙarshen Yuli. Farashin bai ɓoyu ga kowa ba: rancen dalar Amurka miliyon 50.

Ba a yi wannan shawara don an karanta tarihin tsibirin an ga yana da gaskiya ba. Ba a yi ta don an ƙyamaci mulkin jam'iyya guda na Bejin ba. An yi ta don a biya albashi, kuma wanda yunwa ta kora ba ya tambayar sunan mai tuwo. Shekara huɗu bayan haka, ranar 19 ga Agusta 1996, gwamnatin Janar Ibrahim Baré Maïnassara ta mayar da hulɗa da Bejin, ƴan Taipe suka rufe ofishinsu suka kama hanya. Wannan shi ne karo na huɗu da Yamai ta zaɓi gefe: Taipe a 1963 zamanin Diori, Bejin a 1974 bayan juyin mulkin Kountché, Taipe a 1992, Bejin a 1996.

Abota ta ƙare, bashi bai ƙare ba. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, bashin da ke cikin dalar Amurka ya ninka a lissafinmu cikin dare ɗaya. Bankin Taiwan da ya ba da rancen ya kai Nijar ƙara gaban kotu a birnin Niyok, kotu ta ba shi gaskiya a 1998. Kuɗin ruwa ya yi ta hawa har bashin ya haura dalar Amurka miliyon 180, kafin a yi sulhu a 2015 a tsaya kan miliyon 20. Yaron da aka haifa ranar da aka sa hannu ya kai shekara 23 kafin a kashe maganar.

To, me Taiwan ta samu? Tuta ta shekara huɗu, da shari'a ta shekara da shekaru, da sunan mai bin bashi a ƙasar da ta zo neman masoya. Wanda ya kira wannan tattausan ƙarfi, ko dai bai san ma'anar kalmar ba, ko kuwa yana da kaso a cikin cinikin.

Kasuwar tutoci

Kada a ce Nijar ce kaɗai. A ƙarshen shekarun 1990 ƙasashen Afirka takwas ke tare da Taipe. Laberiya ta fice a 2003, Senegal a 2005, Cadi a 2006, Malawi a farkon 2008, Gambiya a 2013, Sawo Tome a 2016, Burkina Faso a 2018. Saura Eswatini ita kaɗai. Burkina ta yi shekara 24 tana cin gajiyar wannan hulɗa, an ba ɗalibanta bursu, an taimaki manomanta na shinkafa, an gina mata babban asibiti a Wagadugu; ranar da lissafi ya juya, sanarwa guda ta ministan harkokin waje ta isa. Asibitin yana nan tsaye, tutar ta sauka.

A can ƙetaren teku ma haka abin yake, har ya fi muni. Tsohon shugaban Gwatamala, Alfonso Portillo, ya amsa da bakinsa gaban kotun Amurka a 2014 cewa ya karɓi cin hancin dalar Amurka miliyon biyu da rabi daga Taiwan domin ƙasarsa ta ci gaba da amincewa da ita. A 2008 kuma asiri ya tonu a Taipe cewa kusan miliyon 30 da aka danƙa wa dillalai biyu don su sayo amincewar Papuwa Niyu Gini sun yi ɓatan dabo. Ministan harkokin waje da mataimakin faraminista suka ajiye aiki. Kuɗin harajin talakan Taiwan ne, ya tafi ba tuta ba canji.

Dokar wannan kasuwa ɗaya ce, kuma ƴan kasuwar Maraɗi sun san ta tun kafin a haifi masana: abin da ka saya da tayi, wanda ya fi ka tayi zai raba ka da shi. A shekarun 1990 aljihun Taipe yana iya gogayya da na Bejin. Yau arzikin Sin ya ninka na Taiwan fiye da sau ashirin. Mai matatar man Damagaram da ta fara aiki a 2011, mai rijiyoyin Agadem, mai bututun kusan kilomita 2,000 da ya kai ɗanyen mai gaɓar tekun Benin a 2024, ba a kayar da shi da rancen albashin wata uku. Taiwan ta shiga kokawa a fagen da abokin karawarta ya fi ta nauyi, ta sha ƙasa, kuma ba wanda ya yi mata jaje, domin waɗanda ta saya ba su taɓa zama nata ba.

Inda farin jinin yake

Abin mamaki shi ne, a daidai shekarun da tutoci ke sauka ɗaya bayan ɗaya, sunan Taiwan hawa yake yi a duniya. Ba ofishin farfaganda ya yi wannan aiki ba. Abin da ƙasar ta zama a cikin gidanta ne ya yi shi.

Na farko, mulki. Tsibirin ya yi shekara 38 ƙarƙashin dokar soja, daga 1949 zuwa 1987, ana ɗaure masu adawa ana harbe wasu. A watan Maris 1996 jama'a suka zaɓi shugabansu kai tsaye a karo na farko, makamai masu linzami na Sin suna faɗawa cikin teku kusa da tashoshin jiragensu, ba su fasa fita ba. A 2000 ƴan adawa suka ci zaɓe, jam'iyyar da ta yi rabin ƙarni tana mulki ta miƙa musu ba tare da an harba harsashi ba. Mulki ya sake canza hannu a 2008 da 2016, soja yana bariki. Mai karatu ya lura da shekarar: 1996 ɗin da suka yi zaɓensu na farko ita ce shekarar da aka kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnatinmu ta farko, a ranar 27 ga Janairu. Wannan kaɗai ya isa a gane wanda ya kamata ya koyi wani abu daga wani.

Na biyu, sana'a. A 1987 aka kafa kamfanin TSMC, wanda yau ke ƙera mafi yawan ƙananan ƙwaƙwalwan lantarki mafi inganci da ke cikin wayoyin hannu da kwamfutocin duniya. Amurka da Japan da Jamus, waɗanda babu ɗayansu da ke da jakada a Taipe, duk sun zuba kuɗin tallafi don kamfanin ya zo ya gina masana'anta a ƙasarsu. Ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da kwamfutar Acer ko Asus, ko keken Giant, ya riƙe hajar Taiwan a hannunsa ko bai sani ba. Hajar da ba ta ba mai saye kunya ta fi jakada goma iya magana.

Na uku, halin jama'a ranar da wani ya shiga uku. Japan ta yanke hulɗar jakadanci da Taipe tun 1972. Amma da girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka afka mata a Maris 2011, mutanen Taiwan, galibi talakawa da ƙungiyoyi, suka tara fiye da yen miliyar 20, gudummawar da ke cikin mafi girma da Japan ta samu daga waje. Ba su nemi tuta ba. Shekara goma bayan haka, a Yuni 2021, da Taiwan ta rasa allurar rigakafin korona, jirgin Japan ya sauka da fiye da allurai miliyon guda. Alheri danƙo ne. A 2020 ma, shekarar da cutar ta kashe mutum bakwai kacal a duk tsibirin, Taiwan ta raba takunkumin fuska miliyoyi ga ƙasashen Turai da Amurka da sauransu, a lokacin da manyan ƙasashe ke ƙwace wa juna kaya a filayen jirgi.

Ga sakamakon da ake iya taɓawa da hannu. Tun Janairu 2011 ɗan Taiwan yana shiga ƙasashen Shengen na Turai ba biza, tun Nuwamba 2012 yana shiga Amurka ba biza. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da ta amince da Taiwan a takarda. Alhajin da ya kwana a layin ambasada da faspo na ƙasar da kowa ya amince da ita, aka karɓe kuɗinsa aka hana shi bizar, shi ya fi kowa sanin wanne ya fi tsada tsakanin amincewar takarda da yardar mutane. A 2020 shugaban majalisar dattawan Cek ya kai ziyara Taipe duk da barazanar Bejin. A 2021 Lituwaniya ta bari aka buɗe ofishi mai ɗauke da sunan Taiwan a babban birninta, Sin ta rage darajar hulɗa ta toshe wa hajojinta hanya. Ba a biya albashin ma'aikatan Lituwaniya ba kafin su yi haka.

Ga masu cewa duk banza ne

Akwai masu cewa wannan duk daɗin baki ne, duniya ta mai ƙarfi ce, farin jini ba ya hana a doke ka. Suna da hujja, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Daga 2009 zuwa 2016 Taiwan tana halartar babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya a matsayin ƴar kallo. Tun 2017 aka rufe mata ƙofa, takunkumin 2020 bai buɗe ta ba. Ƴan wasanta suna zuwa gasar Olimpik ba da sunan ƙasarsu ba, ba da tutarsu ba, ba da takensu ba. Honduras ta bar ta a 2023 bayan fiye da shekara 80. Nawuru ta bar ta a Janairu 2024, kwana biyu bayan zaɓen da duniya ke yaba mata a kai, ƙasashen da suka amince da ita suka koma 12. A maƙwabciyarmu Najeriya, an umarci ofishin kasuwancinta ya tashi daga Abuja ya koma Legas a 2017.

Duk wannan gaskiya ne. Farin jini ba ya ba ka kujerar da mai ikon hawa kujerar naƙi ya zauna a bakin ƙofarta, kuma duk mai ba da shawarar da ya yi wa wata ƙasa alkawarin haka, kuɗinta yake so. Kosobo ta gani: ta ayyana ƴancinta a 2008, ta biya kamfanin talla na waje ya gyara mata suna, ƴarta Majlinda Kelmendi ta ciyo zinariya a gasar Riyo a 2016, amma ƙasashe biyar na Tarayyar Turai ba su amince da ita ba, kujerar Niyok kuma shiru.

Amma sai a tambayi masu wannan magana: jakar kuɗin ta ba da kujerar ne? An yi shekaru ana biya, ƙananan ƙasashe suna tashi a Majalisar Ɗinkin Duniya kowace shekara suna karanta takardar goyon baya, ba a taɓa ko sanya maganar cikin ajanda ba. Hanyoyin biyu ba su kai ga kujera ba. Bambancin shi ne ɗaya ta bar bashi da shari'a da abin kunya, ɗayar ta bar faspo mai daraja, da kasuwa, da jama'ar ƙasashe masu yawa waɗanda ba za su yarda gwamnatocinsu su kau da kai ba ranar da aka taɓa tsibirin. Ga ƙaramar ƙasa mai babban maƙwabci, wannan ba ado ba ne. Katanga ce, ko da ba ta ƙarfe ba.

Tabon da talla ba ta rufewa

Tunda farin jini daga hali yake fitowa, hali ne kuma ke kashe shi, kuma a nan Taiwan tana da tambayoyin da ba ta gama amsawa ba, musamman gaban ɗan Afirka. Ta kasance ƙawar gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu a lokacin da duniya ke ƙaurace mata. Mandela ya yanke hulɗar daga 1 ga Janairu 1998. Ƙawarta guda da ta rage a nahiyar masarauta ce da jam'iyyun siyasa ba su da ikon shiga zaɓe, inda aka kashe masu zanga-zanga da dama a 2021. Mai tallar dimokuraɗiyya a Turai ba ya iya yin gum a Mbabane ya ce ba a gan shi ba. A 2020 ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta sanya kifin jiragen Taiwan masu zuwa nesa cikin jerin kayan da ake samarwa da aikin tilas, saboda halin da baƙin ma'aikata ke ciki. A 2022 ƴan jaridar tsibirin da kansu suka tona yadda wata jami'a ta kwaso ɗalibai daga Yuganda da alkawarin karatu, aka tura su aikin masana'anta.

Abin lura shi ne su wa suka tona. Jaridun gida ne, kuma ba a ɗaure su ba, hukuma ta hana jami'ar ɗaukar ɗalibai, maganar ta je kotu. Ƙasar da ke barin ƴaƴanta su faɗi aibinta ta fi samun yarda a kan wadda ke hayar baƙi su rera mata kirari. Duk da haka, ɗalibi ɗaya da ya koma Kampala da wannan labari ya rushe abin da bursu ɗari suka gina.

Namu kason

Ba aikin wannan shafi ba ne ya yanke wa Bejin da Taipe hukunci kan wa ke da tsibirin. Rigimarsu ta girmi jamhuriyarmu. Amma aikinsa ne ya ce kasuwa ba ta ci sai da mai sayarwa. Idan Taiwan ta yi kuskuren saye, shugabannin Afirka ne suka baje hajar, kuma hajar ita ce kalmar ƙasashensu. Ƙasar da aka san amincewarta na da farashi ta zubar da nata farin jinin, domin ko ranar da ta faɗi gaskiya a zauren duniya, tambayar da za a yi ita ce: wa ya biya? Yau ma da ake ta sauya ƙawaye da sunan ƴancin kai, ana karɓar kuɗin mai tun ba a haƙo shi ba, kamar dalar Amurka miliyon 400 da aka karɓa daga kamfanin man Sin a Afrilu 2024, ya kamata mai sa hannu ya buɗe kundin 1992 ya karanta shi har shafin ƙarshe, inda kotu take.

Nijar tana da kujera, tana da tuta a Niyok, kowace ƙasa ta amince da ita. Taiwan ba ta da ko ɗaya cikin ukun. Sai mahukuntanmu su zauna su tambayi kansu dalilin da ya sa faspo ɗin wanda ba a amince da shi ba yake buɗe ƙofar da namu ke tsayawa a bakinta. Amsar ba ta ofishin harkokin waje. Tana lakkwal, tana asibiti, tana duwan, tana akwatin zaɓe, tana kuma ranar da albashi ke fita ba tare da an jinginar da sunan ƙasa ba.